“Da Sauƙi” da Ƙafar Mamman Dogo

Samari kan zo shagona a Bukkuyum su ce in koya musu kemis. In na tambaye su abin da suka hango a cikinta, amsarsu ɗaya ce: aikin inuwa ne, mutum na zaune a kujera, ya miƙa ƙwaya a miƙo masa kuɗi. Wani ma cewa ya yi ya riga ya haddace kalolin kafso, saura kawai a nuna masa inda ake saro su. To ga amsata a rubuce, don na gaji da maimaita ta da baki. Daki-daki zan bi ta. Wanda ya ƙosa ya tsaya nan, ya je ya nemi sana'ar cajin waya.

A Gummi na koya, wurin Malam Bawa, Allah ya jiƙansa. Tsohon ma'aikacin asibiti ne da ya ajiye aiki ya buɗe shago. Ni kuwa karatuna firamare ne da 'yar sakandaren da ban ƙarasa ba, saboda haka da ido da kunne na koyi yawancin abin da na sani. Aikina na farko shara da goge kwalabe. Bayan shi sai karanta ranar lalacewar magani a jikin kwali, a jawo mai kusa da lalacewa gaba, a tura sabo baya. Sannan ajiya: maganin ruwa na yara ba ya son zafi, mu kuwa ba mu da firji, sai mu jera shi a kan jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Sai da hannuna ya faɗa a waɗannan aka bar ni na taɓa gyambo. Kayan gyambo ba su da yawa: almakashi, hantsaki, kwanon silba, auduga, bandeji, aidin, da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri. Ƙarafan a tafasa su a kan risho kafin aiki da bayan aiki, ko da mai gyambon yana tsaye a kanka yana cewa motarsa za ta tashi. Kafso shi ne na ƙarshe. Yana can saman kanta, inda sai Malam Bawa ya taka kujera yake kaiwa.

Ranar da aka fara tsayar da ni gaban masu saye, wani dattijo ya shigo yana dafa bango. Kwanakin baya an ba shi maganin tari. Na ce, “Baba, ya jiki?” Ya ce, “Da sauƙi.” Na juya na ce wa maigidana, “Ya samu sauƙi.” Malam Bawa bai ɗago daga bandejin da yake naɗewa ba, ya ce, “Waccan gaisuwa ce kun gama. Yanzu yi mai tambaya.” Da na bi a hankali, ashe jini dattijon yake tofarwa, kuma dare bai taɓa raba shi da zufa ba. Asibiti aka tura shi a ranar.

Wannan shi ne abu na farko da nake so ku riƙe. Mutanenmu ba su cewa babu sauƙi. Ko ana karanta wa mutum kalmar shahada, in ka leƙa ka ce ya jiki, shi da masu jinyarsa “da sauƙi” za su ce. Tarbiyya ce, godiya ce ga Allah, kuma ban ga laifinta ba. Ni ma haka nake amsawa. Amma a sana'armu kalmar nan tana cizo ta baki biyu. Wanda ya ji sauƙin gaske sai ya ajiye magani tun bai ƙare ba. Wanda bai ji komai ba kuma sai ya ce maka ya ji.

Abu na biyu kafso ne, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta. Nan ƙasar da kala ake kiransa: ja-da-yalo, ja-da-baƙi. Kuma an mai da shi goro. Manomi ya dawo da gajiya, a fasa ɗaya a cikin fura. Masu haƙar zinare da ke wajen Anka su fito rami su aiko a yi musu haɗi na wankin jini, wato kafso biyu da na ciwon jiki da na ƙarin jini a ƙulle a takarda ɗaya. Makiyayi ya saya wa saniya, mace ta zuba wa kaji a ruwa, mai rauni ya barbaɗa garin a kan rauninsa. Mura ma, da ba ruwanta da kafso, kafso ake nema mata.

Duk wanda ya taɓa feshin gona zai gane abin da ke biyo baya. In ka tsinka maganin ciyawa da ruwa don ya kai maka gona biyu, mai laushi ce za ta mutu, mai taurin kai ta tsira ta zuba iri. Baɗi ita za ta cika gonar, kuma ko ka zuba mata maganin da kauri ba za ta ji ba. Haka ƙwayar cuta take. Kafso ɗaya yau, biyu jibi, koya mata kokawa kake yi. Kuma in ta koya ba a jikinka kaɗai take tsayawa ba, tana bin ruwa da hannu da kwano ta shiga maƙwabta. Lokacin Malam Bawa, ja-da-yalo kan tayar da mutum daga kwance. A hannuna na ga ya zama kamar garin masara.

Da abin ya yi yawa, ma'aikatan lafiya suka tara mu masu kemis suka yi mana bayani, mu kuma a ƙungiyarmu muka yi alkawari: ba a sa kafso a haɗi, ba a sayar da shi ɗai-ɗai, ba a ba da shi sai da takardar asibiti, kuma in za a bayar a ba da cikakke. Wasu sun riƙe, wasu kafin su isa gida sun manta. Ni na riƙe, na kuma ɗanɗana kuɗata. Masu saye suka koma wurin masu tallar magani a tire, waɗanda rana ke dafa kayansu tun safe har yamma, ba su kuma tambayar kowa komai. Aka sa mini suna Sai-da-Takarda. Ana cikin haka shekarar wahala ta zo, wadda aka rufe kasuwanni aka katse layukan waya saboda ɓarayin daji. Kaya ba su zuwa, mutanen ƙauye ba su shigowa. Sabulu da man shafawa da maganin sauro su suka riƙe shagon. Matata ta ce, “Malam, ko dai ka sassauta?” Na ce mata a dafa abin da ke akwai.

A daminar da ta biyo baya aka kawo mini Mamman Dogo. Manomi ne daga wani ɗan ƙauye gaba da Adabka, mai gero da dawa da shanun huɗa biyu. Yana noma kalme, wato fartanya, ya kuɓuce ya sare shi a bayan ƙafar hagu, kusa da yatsu. Shekara da shekaru ja-da-yalo ne abokin furarsa, don haka ya fasa ya cika raunin da garin, ya ɗaure da tsumma ya koma gona. Sai da ƙafar ta ƙi shiga takalmi ƙanensa Isah, mai kabu-kabu, ya ɗauko shi a mashin. Na tura su asibitin garinmu tukuna. Malamin asibiti ya duba ya rubuta magani mai ƙarfi, na ba da shi cikakke, na wanke raunin na naɗe. Na ce a sha har ƙwayar ƙarshe, kuma a dawo da shi in ga ƙafar da idona.

Ba a dawo da shi ba. Mako ya zagayo, sai ga Isah shi kaɗai da hantsi, laka har gwiwa.

“Likita, an kwana lahiya?”

“Na hana ku ce mani likita. Ina mai ƙahwa?”

“Shina gida. Da sauƙi, wallahi da sauƙi. Cewa yay yi a ƙaro mai ja-da-yalo, in da hali a haɗa da allura.”

“Wanda anka rubuta mai fa, ya shanye?”

Ya sosa ƙeya. “Ya sha da yawa. Da yaj ji dama-dama sai Inna tad ɗebe sauran tab ba matar maƙwabcinmu. Haƙori ya hana ta kwana, abin tausai.”

Inna mahaifiyarsu ce. A wurinta alheri ta yi. Na jawo masa benci na ce ya zauna.

“Juma'ar ga da ta wuce, ya tahi masallaci?”

“Ruwa anka yi.”

“Salla, tsaye shika yi ko zaune?”

“Zaune. Ta jiya dai kwance yay yi ta.”

“Tuwo fa?”

“Hura dai. 'Yar kaɗan.”

“Isah, rigarka sai ƙamshin turaren wuta, kai da ko bazawara ba ta kula ka. Amarya kay yi ban ji ba?”

Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. “Inna ta ka turara ɗakin Yaya. Ƙudaje sun yi yawa.” Sai ya yi sauri ya ƙara da cewa, “Amma da sauƙi.”

Na ce ba zan ba da ko ƙwaya ɗaya ba, a kawo mutum. Ya miƙe a fusace. Ya ce hanyar nan da rai a hannu ake bin ta, ya biyo ta tun asuba, kuma in ban bayar ba ga mai tire can bakin tasha. Gaskiya ya faɗa. Na san in ya fita, kafin ya tada mashin aljihunsa ya cika da kafso. Na ce ya jira ni. Na leƙa wurin malamin asibiti na faɗa masa abin da na ji. Shi kaɗai ne a bakin aiki, ga layin mata da yara har waje, ba shi da halin tafiya. Ya ce ƙafar nan ta wuce mu duka, sai babban asibiti a Gusau, ya rubuta takardar turawa ya ba ni. Na kulle shago, na ɗauki jakar wankin gyambo, na hau bayan Isah.

Ƙa'idar hanyar nan biyu ce. Duk wanda kuka yi karo da shi ku tsaya ku tambaye shi lafiyar gaba. Kuma duk abin da ya kai ka, ka juyo kafin la'asar, don daga nan hanya ba ta mutanen kirki ba ce. Mun wuce Adabka, mun tura mashin a rafi, muka isa rana ta ɗaga sosai.

Tun daga zaure turaren bai iya ɓoye abin da aka sa shi ya ɓoye ba. Mamman na kwance a tabarma, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Da ya gan ni ya yunƙura.

“Malam da kanka? Isah, mi kac ce mai? Ai da sauƙi, alhamdu lillahi.”

Na kwance tsumman. Garin kafso ya daskare a kai kamar ƙanzo, wani sabo a kan wani tsoho. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ƙafar ta kumbura tana ƙyalli har sama da idon sawu. Na ce, “Mamman, Gusau za ka, yau za mu kwana Bukkuyum.”

“Gusau? Ana tsakiyar maimai? Ciyawa ta cinye mani gero ina kwance gadon asibiti? Kuma wa anka taɓa kaiwa can da ƙahwa bai dawo da sanda ba? A'a. Ka yi mani allura dai, jibi in Allah ya so ina gona.”

Babban mutum ne mai iyali, ba a ɗaukarsa kamar buhu. Isah ƙane ne, ba ya ja da shi. Mutum ɗaya ke iya ba shi umarni a gidan, Inna, ga ta zaune a bakin ƙofa ta ba mu rabin baya, tana tsinke ganyen rama a faifai. Mamman ɗan farinta ne. Kun san al'ada: ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko kallonsa ba ta yi sai a sace. Tun da na shigo ba ta ɗago ba. Sai yanzu ta yi magana, kamar da faifan take.

“Malam, duba mutum kaz zaka yi, ko baki kaz zaka yi mai? An ce maka da sauƙi.”

Na ce, “Inna, ban zaka don in sa kowa ya yi wa Allah butulci ba. Ba ni son kowa ya ce komi. Hannunki nika son aro.”

“Hannuna? In taɓa wancan?”

Matan gidan da ke leƙe ta bayan zana suka ƙyalƙyale da dariya.

“Ba shi za ki taɓa ba, Inna, ƙahwa za ki taɓa. Ƙahwa ba ta da suna.”

Ta yi tsaki, ta ce 'yan birni ba su da ta ido. Amma ta ajiye faifan ta taso. Na nuna mata yadda ake yi: a sa bayan hannu a gwiwa, a gangaro a hankali, kamar mai jin ko tukunya ta huce. Inda sanyi ya ƙare zafi ya fara, a tsaya. Ta gangaro, fuskarta na kallon bango, ta tsaya a ƙasan ƙwauri. Na ce ta sa alama da kanta, kada a ce ni na sa. Ta aika aka ɗauko tandun kwallinta, ta ja baƙin layi a wurin. Na ce, “Shi ke nan. In an yi azahar a sake ji.”

Kafin nan na yi aikina. Na sa aka tafasa ruwa, na jiƙa ƙanzon garin har ya saki, na ɗebe shi da hantsaki, na wanke mugunyar, na rufe da auduga mai tsabta ban matse ba. Na ba shi maganin rage zafin jiki, na sa a riƙa ba shi ruwa. Allura ban yi ba. Ba hurumina ba ne, kuma ko na yi ban san wadda ƙwayar cutar nan ke tsoro ba. Mamman na ta lissafa wa Isah kunyoyin da suka rage a gona. Ni ina duban inuwar zana tana matsowa.

Muka yi azahar a zaure. Da muka dawo muka tarar da Inna durƙushe a gaban tabarma, ba wanda ya kira ta. Ta sa bayan hannu a gwiwa ta gangaro. Ba ta kai layin ba ta tsaya. Ta koma gwiwa ta sake gangarowa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Tsakanin hannunta da kwallin akwai faɗin yatsa biyu.

Mamman ya ce, “Inna, ai da sau...”

“Rufe muna baki.”

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. “Isah, tada mashin. Ka kira Audu na gidan liman ya zo da nashi, a samu mai riƙe shi ta baya.”

“Inna, gonar fa?” in ji Mamman.

“Gero in ya mutu a shibka wani baɗi. Wa ka taɓa gani ya shibka ƙahwa ta tsiro?” Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ta dube shi ido cikin ido, ta ce, “Mamman. Tashi.”

Matan bayan zana suka dubi juna. Matarsa ta gaya mini daga baya cewa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin sunan nan a bakin tsohuwar ba. Shi kansa sai da ya waiga, kamar wani ake kira. Sannan ya miƙa wa Isah hannu.

Mun fito da sauran rana, mun shiga Bukkuyum ana kiran la'asar. Malamin asibiti ya sa masa ruwa ya kwana da shi, da safe mota ta bi da su ta Anka zuwa Gusau. Abin da ya faru can Isah ne ya ba ni labari. Sun ɗebi mugunyar sun kai ɗakin gwaji, inda ake gwada ƙwayar cutar da magunguna iri-iri a ga wanda ke kashe ta. Sakamako ya nuna duk kafson da muke da su a kanta, da na tire, da wanda aka rubuta masa tun farko, ba wanda take ji. Wata allura ce ta rage, mai wuyar samu, sai da aka sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗa. Ita ta tsayar da cutar. Amma abin da ya riga ya mutu ba ya dawowa: an yanke yatsun duka da gaban tafin ƙafar, aka bar masa dunduniya. Likitan ya ce musu da sun ƙara jinkiri, a gwiwa za a yi maganar.

Saboda haka ku da kuke son kujera da inuwa, ku san abin da kuke nema. Miƙa magani ko yaro ya iya. Sana'ar tana wurin hanawa, mutum na zaginka da kuɗinsa a hannu, ga mai tire yana yi masa murmushi a tsallaken titi. Har gobe ana sayar da kafso ɗai-ɗai a kasuwannin nan, ban ce mun ci nasara ba. Na dai san abin da ke fita ta ƙofar shagona.

Geron Mamman na shekarar nan rabi aka samu, maƙwabta ne suka yi masa gayya. Da rani ya shigo shagon da ƙafarsa, ba sanda, yana ɗan ɗingishi. Takalmin roba ne a ƙafarsa, na hagun an cusa tsumma a gabansa. Ya zauna a benci ya tuɓe ya ɗora mini ita ba tare da na tambaya ba. Na duba ɗinkin, na danna, na ji da bayan hannu. Sanyi ƙalau, ta warke.

Ya ce, “Sai-da-Takarda, ƙara na kawo. Takalmi ɗaya da rabi nika sawa, amma mai takalmi na biyu shika karɓa. Ba ka da takardar da za ka rubuta mai?”

Na ce wannan sai Gusau.

Ya yi dariya ya mayar da tsummansa, ya ɗaure, ya ce zai wuce kasuwar shanu ya taya ɗan bijimi, don sa ɗaya ba ya jan garma. Da damina ta faɗi, shi ya riƙe garmar da kansa.